Yadda Ake Sauraron Cikin Ƙasa: Aikin Masu Neman Mai da Ruwa a Ƙasar Duwatsu

Mai sayen tukunya a kasuwar Tudun Wada ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya kasa kunne. In ta yi ƙara garau, lafiyayya ce. In ƙarar ta dushe, akwai tsaga a wani wuri, ko da ido bai gan ta ba. Haka kuma manomi yakan bugi jikin rumbu daga waje ya gane inda hatsi ya tsaya. To, 'yan'uwa, wannan dabarar ce masu neman man fetur suke yi wa ƙasa. Suna bugunta, su saurari amsar da za ta ba su, sa'an nan su zauna su yi lissafi.

Abin ya shafe mu ta fuska biyu. Tun da aka yi bikin fara aikin mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe ran 22 ga Nuwamba 2022, zancen mai ya yawaita a ƙauyuka, har wasu suna tsammani ko'ina aka haƙa a Arewa za a same shi. Akwai kuma ƙungiyoyin gama kai masu tara kuɗi shekara da shekaru domin rijiyar burtsatse, waɗanda za su miƙa wa mai awo wani kashi na kuɗin ba tare da sun san abin da yake aunawa ba. Gara mu san yadda aikin yake, da inda yake da ƙarfi, da inda yakan yi kuskure.

Bugu da saurare

Da fari akan share layi miƙaƙƙe cikin daji da gonaki, wani lokaci tsawon kilomita da yawa. A bisa layin, kowace mita 25 ko 50, sai a kafa wata 'yar na'ura wadda ba ta fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba, mai tsinke a gindi da ake cusawa cikin ƙasa. Sunanta jiyofon, amma mu ce mata kunnen ƙasa. A cikinta akwai maganaɗisu da naɗin waya. In ƙasa ta motsa ko yaya, sai motsin ya zama 'yar wutar lantarki, a rubuta ta. Jinta ya kai ta ji takun saniya daga nesa.

Sa'an nan a bugi ƙasa. Ko dai a haƙa rami a sa nakiya kaɗan a fasa, ko kuwa a kawo manyan motoci masu faranti na ƙarfe a ƙarƙashin cikinsu, su danna shi ƙasa su yi ta kaɗa shi na 'yan sakan. Kamfanin Conoco na Amurka ne ya ƙago wannan hanya ta biyu a shekarun 1950. Girgizar takan nutsa, duk inda ta tarar da wani irin dutse dabam da wanda ta baro, sai wani kashi nata ya komo sama kamar amsa-kuwwa, saura ya ci gaba.

Abin da ake aunawa lokaci ne kawai. Kowane abu yana da saurin da girgiza take ratsa shi. A cikin iska, kamar mita 340 a sakan guda. A busasshiyar ƙasa mai taushi, daga mita 300 zuwa 800. A ruwa, mita 1,500. A dutsen yashi, daga 2,000 zuwa 4,000 da wani abu. A dutse mai tauri irin na Kufena kuwa, mita 5,000 zuwa 6,000. Saboda haka in amsa ta ɗauki sakan 2 kafin ta komo, saurin duwatsun wurin kuma mita 3,000 ne a sakan, to, tafiyar duka mita 6,000 ce, zuwa da komowa. Dutsen da ya ba da amsar yana zurfin mita 3,000 ke nan.

Dabarar ta haura shekara 100. Wani Bajamushe, Ludger Mintrop, ya yi rajistar irin tasa a 1919, da ita aka gano wani tulin gishiri mai mai a gefensa a Teksas a 1924. A 1921 kuma J. C. Karcher da abokan aikinsa suka gwada sauraron amsa-kuwwa a Oklahoma.

A lura da abu guda. Kunnen ƙasa ba ya ganin mai. Siffar duwatsu yake nunawa. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka yakan yi ta hawa cikin ƙofofin dutsen yashi har ya tarar da dutsen laka wanda ba ya yoyo. In wannan dutsen laka ya lanƙwashe kamar ƙwarya a kife, sai man ya taru a ƙarƙashinta. Wannan ƙwaryar ake nema. Ko da mai a ciki, ko ruwan gishiri ne, ko babu kome, haƙa ce kaɗai za ta faɗa.

Abin da tudu da kwari suke ɓatawa

Lissafin da muka yi a sama ya yi sauƙi domin mun ɗauka ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. A ƙasar duwatsu ba haka take ba, a nan ne kuwa yawancin wahalar aikin take.

A ce malami yana so ya san wanda ya fi tsawo cikin yara, ga wani a kan suri, wani cikin kwarin kunya, wani a kan turmi. In ya duba kawunansu kawai, zai yi ƙarya. Tilas ya cire tsawon surin da na turmin, ya ƙara zurfin kwarin, kamar dai duka suna tsaye a daɓe ɗaya. Haka masu lissafin suke yi. Sukan zaɓi wani tsayi guda su ce shi ne daɓen, su komo da kowane bugu da kowane kunne bisa kansa a cikin lissafi. Kunnen da ke kan tudu mai mita 30 sama da daɓen, in saurin dutsen tudun mita 2,000 ne, amsa za ta makara wajen isa gare shi da milisakan 15. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sai a cire masa wannan 15. Domin haka ne ake auna tsayin kowane wuri da aka kafa kunne, a da da na'urar safiyo, yanzu da taimakon tauraron ɗan adam.

Wannan gyaran mai sauƙi ne, gama tudu ana ganinsa. Wanda ya fi wuya shi ne na ƙasar sama, wadda muke nomawa, da ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashinta. Kowane manomi ya san ba ta da kauri ɗaya. A gona guda, nan garma tana karo da fa, can kuwa taku hamsin sai a haƙa gaba biyar ba a taɓa dutse ba. Ga marmara, ga jigawa, ga laka ta fadama. A gindin dutse kuma akwai tarin tsakuwa da duwatsun da suka gangaro. Girgiza tana tafiyar hawainiya a cikin waɗannan duka.

Bari mu gwada da lamba. Ƙasa mai taushi mai kaurin mita 10, sauri mita 500, tana cin milisakan 20. Da dutse ne mai saurin mita 2,500 a wurin, milisakan 4 kawai zai ci. Bambanci 16 ke nan. Wani zai ce, mene ne milisakan 16? Ko ƙyiftawar ido ta ninka shi sau da yawa. Amma in bugun da kunnen duka biyu suna kan irin wannan ƙasa, makarar ta zama 32, a can ƙasa kuwa inda sauri ya kai mita 3,000, milisakan 32 daidai yake da zurfin mita 48. Watau dutsen da yake kwance sarai zai fito a hoto kamar ya lotsa da mita 48 a ƙarƙashin fadama, ya kuma taso a ƙarƙashin fa. Tsakanin fadamu biyu sai ga ƙwarya a kife wadda babu ita. Kamfani yana iya kashe miliyoyin dala ya haƙa rijiya a kan wannan ƙwaryar ƙarya, alhali abin da ya gani bambancin ƙasar noma ne.

Maganin abin iri uku ne, akan kuwa haɗa su. Akan haƙa ramuka masu ɗan zurfi nan da can a bisa layin, a auna saurin girgiza daga cikin ramin zuwa bakinsa mataki mataki, har a san inda ƙasa mai taushi ta ƙare. Akan kuma duba girgizar da ta fara isa kowane kunne, wadda ta bi ta saman dutse mai tauri, a lissafa kaurin ƙasar da ke bisansa. Abin da ya rage kuma kwamfuta takan daidaita shi da kanta. In ta ga wani kunne kullum yana makara da milisakan 5 ko daga ina aka yi bugun, ta san laifin wurin da aka kafa shi ne, sai ta cire masa.

Bayan wannan akwai hayaniya. Mafi muninta girgizar da ba ta nutsa, sai ta bi ta saman ƙasa tana birgima a hankali da ƙarfi, ta rufe 'yar amsar da ke fitowa daga zurfi. A fili akan gane ta da sauƙi a tace ta, domin tana da kaurin murya, tana kuma tafiya da sauri guda. A tsakanin duwatsu kuwa takan bugi wannan dutse ta komo, ta bugi wancan ta watse, ta iso daga kowace kusurwa. Duk wanda ya taɓa yin kira a gindin Kufena ya ji muryarsa tana komo masa daga gefe, ya san abin da ake nufi. Kunnen ƙasa bai san gefe da ƙasa ba. Abin da ya ji zai rubuta.

Ga kuma wahalar layin kansa. Mota ba ta hawa fa, ba a kuwa iya cusa tsinke cikin dutse. Sai layin ya bi kwazazzabo da hanyar shanu yana karkacewa, a bar giɓi a wuraren da ba su hawuwa. Lissafin da aka shirya domin miƙaƙƙen layi sai an sake shi.

Aikin ɗaki

Abin da ma'aikata suke kawowa daga daji ba hoto ba ne, tulin lambobi ne. In kowane kunne yana rubutu sau ɗaya a milisakan 2 har tsawon sakan 6, lamba 3,000 ke nan. Kunnuwa 2,000 su ba da miliyan 6 a bugu guda. Bugu 10,000 kuma biliyan 60. Kafin kwamfuta ta shiga aikin a shekarun 1960, a takarda ake duba zanen da ido da fensir.

Babbar dabarar ita ce tarawa, wadda wani Ba'amurke, Harry Mayne, ya ƙago a shekarun 1950. Wuri guda a can ƙasa akan saurare shi sau da yawa, da bugu na kusa da kunne na kusa, da bugu na nesa da kunne na nesa. Na nesa ya fi daɗewa a hanya, sai a rage masa gwargwadon nisansa. Daga yawan abin da aka rage ne ma ake gane saurin duwatsun. In an daidaita su duka sai a haɗa. Amsar gaskiya tana nan a wuri ɗaya cikin kowannensu, don haka takan ƙaru. Hayaniya kuwa yau tana nan gobe tana can, sai ta cinye juna. Kamar shaidu ne a gaban alƙali, abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne abin kamawa. Amma ribar ba ta tafiya daidai da yawan shaidun. Saurare sau 100 yana ƙara tsabtar amsa sau 10 ne kawai, sau 400 kuma sau 20.

A nan ne za a ga dalilin da ya sa muka daɗe a kan ƙasar sama. Girgizar da ake aiki da ita tana hawa da sauka kamar sau 30 a sakan, watau hawa da sauka guda yana cin milisakan 33. In wani saurare ya kauce da rabin wannan, milisakan 16 ɗin nan da muka lissafa, to, tudunsa zai faɗa cikin kwarin ɗan'uwansa. Maimakon su ƙaru sai su shafe juna, kamar an baje kunya cikin kwari. Dutsen yana nan a ƙasa, amsar ta komo, kunne ya ji, amma hoton ya fito fari fat.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da kowace amsa gidanta. Lissafin farko yana ɗauka cewa amsa daga ƙarƙashin ƙafa take fitowa. In dutsen a karkace yake, daga gefe take fitowa, kamar yadda madubin da aka jingine yake nuna abin da ba ya gabansa. A ƙasar duwatsu kuwa, abin da ya tura duwatsun sama ya riga ya naɗe na ƙasa, ya kakkarya su, wani lokaci ya ɗora tsoho bisa sabo. Sai an gina kwatancin saurin kowane sashe a cikin kwamfuta, a gwada, a ga inda bai yi daidai ba, a gyara, a sake gwadawa. Aikin yakan ɗauki watanni. Masana biyu kuma suna iya ɗaukar lambobi iri ɗaya su fito da hoto biyu da ba su yi kama sosai ba. Wannan ba ha'inci ba ne, haka aikin yake. A Nijeriya, kamfanin NNPC ya kafa reshe domin wannan aiki a Binin a 1988, mai suna IDSL.

Akwai wuraren da dutse ya ƙi ba da amsa sam. A tsaunukan ƙasar Papuwa Niyu Gini, dutsen farar ƙasa mai kauri ne a sama, ruwan sama ya rarake shi ya zama kogo bisa kogo. Girgiza tana shiga ta watse. Man Kutubu da aka samu can a 1986, yawanci da duban duwatsun sama aka neme shi, masana suna bi da ƙafa suna auna yadda kowane dutse ya karkata. A gindin tsaunukan Andis na Kolombiya an samu babban mai a Kusiyana a farkon shekarun 1990, duk da hoton da ake samu a wurin mai wuyar karantawa ne.

Namu na Arewa

Ba mu da tsaunuka irin waɗannan, amma muna da namu cikas. Daga yammacin Gombe zuwa wajen Alkaleri da Darazo da Dukku akwai wani lulluɓin yashi da masana suke kira Kerri-Kerri, wanda kaurinsa a wasu wurare ya kai mita 200 ko fiye. Mutanen yankin sun san shi ta zurfin rijiyoyinsu. Busasshen yashi mai kauri haka yana shanye girgiza, yana kuma jinkirta ta. A tudun Biu da na Lunguda kuma baƙin dutsen aman wuta ne ya rufe ƙasa, shi kuwa yana komo da yawancin girgizar tun daga sama, kaɗan ne yake wucewa. Ga dutsen Bima kusa da Daɗin Kowa, da duwatsun Kaltungo da Tula, inda ƙasa ta naɗe ta karye.

Dalilin da ya sa ake nema a can shi ne, kwarin Binuwai da na Gongola tsohuwar tsaga ce da ta buɗe sa'ad da Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu, bisa ga lissafin masana sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Yashi da laka suka cika ta har kaurin kilomita da dama, teku ma ta taɓa shigowa. A ramin da ake fasa dutsen siminti a Ashaka ana samun ɓawon halittun teku da suka zama dutse. Ragowar irin waɗannan halittu, in laka ta binne su zafi ya dafa su, su ne suke zama mai.

Tarihin neman yana koya haƙuri. An samu mai a Oloibiri a 1956. A yankin Tafkin Chadi na Borno an fara bincike a shekarun 1970, NNPC ya haƙa rijiyoyi 23, biyu kawai, Wadi da Kinasar, suka nuna iskar gas, ita ma ba ta isa ciniki ba. A 1999 Shell ya haƙa Kolmani ta farko ya tarar da gas kaɗan, Elf ya haƙa Kuzari a shekarar, Chevron ya haƙa Nasara a 2000, waɗannan biyu ba su ba da kome ba. Duka an yi musu awon girgiza kafin a haƙa. A Yuli 2017 'yan Boko Haram suka kai wa ayarin masu binciken mai hari a wajen Magumeri, aka rasa rayuka da yawa, har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. Bayan an sake awo da sababbin na'urori, aka fara haƙa Kolmani ta biyu a Fabrairu 2019, aka sanar da samun mai da gas a Oktoba na shekarar. A bikin 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ambaci ganga sama da biliyan 1 da gas ƙafa biliyan 500. Wannan ƙiyasi ne na abin da ke ƙasa, ba abin da aka ɗebo ba. A Maris 2023 kuma aka fara haƙa rijiyar Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi ta jihar Nasarawa. Maƙwabtanmu sun riga mu. Chadi ta fara sayar da man Doba a 2003, Nijar kuma ta buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana daga Agadem.

Zariya fa?

A gaskiya, ƙasar Zariya ba ƙasar mai ba ce. Muna zaune ne kai tsaye bisa tsohon dutsen gindi, wanda Kufena da sauran duwatsun da ke kewaye da birni kawunansa ne da suka leƙo. Irin wannan dutse daga narkakken dutse ya daskare, ko kuwa zafi da nauyi suka sāke shi, shekaru kamar miliyan 600 ko fiye. Ba shi da ragowar halittu, ba shi da ƙofofin da mai zai zauna. Man da aka gina matatar Kaduna dominsa a 1980 ta bututu aka shirya kawo shi daga Kudu. Duk wanda ya zo yana neman ƙungiya ta sa hannu ko ta ba da kuɗi domin wai an ga mai a gonakin Zariya, ko Giwa, ko Soba, a sallame shi.

Amma dabarar tana da amfani gare mu wajen ruwa. Abin da masu neman mai suke ɗauka cikas, watau ruɓaɓɓen dutsen sama, shi ne tulunmu. A ƙasar dutsen gindi ruwa yana zama cikin wannan ruɓaɓɓen sashe da cikin tsagogin dutsen da ke ƙarƙashinsa. Kaurinsa yakan kama daga mita kaɗan zuwa 30 ko fiye, yana kuma canzawa cikin ɗan taƙi. Shi ya sa burtsatsen wani gida yake ba da ruwa har bazara, na maƙwabcinsa kuwa ya ƙafe tun Janairu.

Awon ruwa ba ya bukatar nakiya. Babbar guduma ce da farantin ƙarfe da kunnuwa 12 ko 24 a jere, irin abin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke koyo da shi a Samaru. Ga yadda yake. In za ka ƙauye na kusa, ka bi turba da ƙafa ka riga kowa. In ƙauyen da nisa, wanda ya gangara bakin kwalta ya shiga mota ya sauka ya hau da ƙafa zai riga ka, ko da shi ke hanyarsa ta fi tsawo. Ƙasar sama ita ce turba, dutse mai tauri shi ne kwalta. Kunnuwan kusa suna fara jin girgizar da ta bi turba, na nesa kuwa wadda ta bi kwalta. Nisan da ta kwalta ta fara cin tsere shi yake faɗin zurfin dutsen. In saurin sama mita 1,000 ne, na dutse 5,000, aka kuma ga canjin a mita 50 daga wurin bugu, dutsen yana zurfin kamar mita 20. In canjin ya zo a mita 10, zurfin mita 4 ne kawai, ba wurin rijiya ba ne sai in akwai tsaga.

A nan ma gangare yana ruɗi. In dutsen ƙasa a karkace yake, bugu daga gefe guda zai ba da saurin ƙarya. Tilas a buga daga wannan ƙarshen layi, a koma a buga daga wancan. Yawancin masu awon burtsatse a ƙasarmu da na'urar lantarki suke aiki, wadda take auna yadda ƙasa take barin wuta ta wuce, gama jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshen dutse barinta. Ita ma tana da nata ruɗin, domin yumɓu yana barin wuta ta wuce sosai amma ba ya sakin ruwa. Inda kuɗi ya isa, haɗa awo biyun ya fi. Ƙungiya ta nemi a auna wuri uku ko huɗu, a ba ta rahoto a rubuce mai nuna zurfin da ake sa ran tarar da dutse a kowanne, ta ajiye shi, ta gwada shi da abin da mai haƙa ya tarar. A kuma rubuta tun farko wanda zai ɗauki hasara in ramin ya fito busasshe.

In masu awon mai sun shigo gona

Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu na ƙungiyoyin Bauchi da Gombe da Adamawa da Nasarawa da Borno. Ganin ma'aikata da wayoyi a gona ba ya nuna akwai mai a ƙarƙashinta. Layi yakan ratsa gonaki ɗaruruwa domin a ga siffar yanki duka, rijiyar kuwa in za a haƙa ta, wuri guda ne, watakila da nisa. Kada kowa ya sayar da gona da arha, ko ya saya da tsada, saboda an kafa turaku.

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Dokar man fetur ta 2021 ita ma ta wajabta biyan diyya a kan ɓarna, ta kuma ce kamfanin da ke aikin mai ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata cikin asusun al'ummar wurin. Tun da abin da ke bisa ƙasa ake biya, ƙidaya ita ce makamin manomi. Kafin a share layi, sakataren ƙungiya da mai gona da wakilin mai unguwa su bi shi tare da ma'aikacin kamfani, a ƙirga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da kuka ɗaya ɗaya, a auna faɗi da tsawon abin da za a tattake, a ɗauki hoto da waya, kowa ya riƙe kofin takardar da aka sa wa hannu. A nuna musu rijiyoyi da gidajen ƙasa da makabarta tun da wuri, domin a nisanta ramukan nakiya daga gare su, a kuma auna zurfin ruwan kowace rijiya a gaban shaidu kafin a fara. In za a iya, a roƙa a yi aikin bayan an kwashe amfanin gona.

A gargaɗi yara da makiyaya kada su taɓa wayoyi ko su tone kunnuwan, babu wani abin sayarwa a ciki. Nakiya kuma wani lokaci takan ƙi tashi ta zauna cikin rami. Wanda ya ga waya ta leƙo daga ƙasa bayan ma'aikata sun tashi, kada ya ja ta, kada ya sa garma ko wuta a wurin. Ya kafa alama, ya gaya wa mai unguwa da 'yan sanda.